Katin Inna Dubu

Ranar wata Asabar ce a tsakiyar marka, shekara guda bayan an ƙaddamar da shari'a a Jigawa. Tun asuba ake yayyafi a Aujara, irin wanda ba ya tsayawa, ba ya kuma ƙaruwa. Kwana uku ke nan ba a ga idon rana ba. Katangu sun jiƙe sun yi duhu, zabi sun takure a gindin rumbu, hayaƙin murhu ya ƙi tashi sama.

A ƙofar ɗakinsa Lauratu ta iske kakanta, Malam Yahuza, zaune a kan buzu, ya lulluɓa da bargo. Daga Jahun ta zo, inda take aure. Ta tsugunna tana gaishe shi, ruwa na ɗiga daga gefen mayafinta.

"…da ruwa kuma, Malam?"

"Ruwa ya yi gyara."

"Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Ya kika baro maigidan naki da yaran?"

"Lafiya lau, suna gaishe ka."

"Madalla. Allah ya yi albarka."

Ya mayar da idonsa kan ruwa. Wannan gaisuwar ce ta tsorata ta. Tun tana rarrafe ba ta taɓa samun gaisuwa mai kyau irin wannan daga bakinsa ba. A da, kafin ta cire takalmi ya riga ya ce ga amaryarsa mai ƙafar agwagwa ta zo cinye masa tuwo. Yau kwana hamsin ke nan da rasuwar matarsa, Halimatu Sa'adiya, wadda kowa ke kira Inna Dubu, kuma tun daga ranar yake gaisawa da jikokinsa kamar baƙi.

Ta leƙa cikin ɗakin. Rediyon na nan rataye a ƙusa, an naɗe shi da tsohon ɗankwali. Shekara ashirin da wani abu tsofaffin nan biyu suna raba shi. Asabar da Lahadi kaɗai ake kunnawa, don Malam ya ce batir ba a gona ake shuka shi ba. Labaru nasa, zaɓi-sonka nata, wa'azi na su biyun. In an zo sharhin ƙwallo sai su kashe, tunda ba wanda ya san wa ke bin wa. Safiyar Lahadi kuwa, in an ba Kiristoci filinsu, Malam ya kai hannu zai kashe, Inna ta ce ya bari ta ji ƙarshen waƙar tukuna.

Duk tsawon shekarun nan ba a taɓa kiran sunan gidansu a zaɓi-sonka ba, saboda Malam ya ce mahaukaci ne kaɗai ke sayen kati don ya gai da wanda suke kwana gida ɗaya. Sau ɗaya tak rediyon ya kira sunan Inna, ranar da 'ya'yanta suka kai sanarwar rasuwarta. Yana gama ji ya tashi ya kashe, ya naɗe shi, ya rataye.

Abin da bai sani ba, mako biyu kafin ciwo ya kwantar da ita, Inna ta sayar da ƙwan zabinta, ta je Jahun ranar kasuwa, ta sayi katin zaɓi-sonka wurin Ɗanmusa mai kai katuna gidan rediyo a Dutse. Ba ta iya boko ba, Lauratu ce ta rubuta mata, ita tana faɗa tana dariya har da riƙe ciki. Su kuwa katuna layi suke bi gari-gari, sai su yi wata biyu ba a zo kansu ba. Jiya Ɗanmusa ya aiko wa Lauratu cewa yau bayan la'asar za a kwance damin Jahun. Kati kuma sau ɗaya ake karanta shi. In ya wuce, ya wuce.

Tun a mota take saƙawa tana kwancewa. In ta gaya masa kai tsaye, ta san halinsa, zai ce a bar mamaci ya huta, ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Hanya ɗaya ta sani ta juya tsohon nan. Ta gyara zama.

"Malam, zuwa na yi ka sake ni."

Bai ɗago ba. "Lauratu, ba yau ba."

"Yau ɗin nan. Na gaji. Wace amarya ce za ta zauna da miji kamar tsohon turmi, ba magana ba motsi? Na keto ruwa tun daga Jahun, ko goro ba a ba ni ba."

"Akwai a aljihun rigar can, ɗauki."

"Wanda ya bushe tun zamanin sulalla? Ni ina son haƙorana, ba kamar wasu ba."

Gefen bakinsa ya ɗan motsa. Ta gani.

"Nawa ma suka rage? Da Sallah na ƙirga uku."

"Biyar ne."

"Biyun aro ka yi?"

"Ke dai ba ki da ta ido. Da haƙoran nan na ci naman raƙumi kafin a haifi ubanki."

"Ashe raƙumin ne ya tafi da sauran."

"Uhm." Ya ja bargo. "Yaron da ya aure ki sadaka ya yi. Ni da na ƙi ki, na san abin da na gani."

"Kai ka ƙi ni? Wa ya biyo ni har bakin rijiya yana roƙo?"

"Gugana na biyo. Kin san dangin uwarki da abin mutane."

"To ai gugan ma yoyo yake, kamar mai shi."

Ta kwance gefen mayafinta, ta ajiye manyan batura huɗu sababbi a kan buzu, suna ƙyalli cikin ledarsu.

"Ga lefe na kawo maka, tunda kai ka kasa."

Ya dube su, ya waiwaya ya dubi ƙusa. Fuskarsa ta koma yadda ta same ta.

"Mayar da abinki."

"Asabar ce fa. Zaɓi-sonka nake son ji, ga shi na baro namu a gida."

"Ba a kunna shi a gidan nan."

"Hukuma ce ta hana?"

"Ai kin ji an yi shari'a. Kiɗa ya ƙare."

"Malam, ji tsoron Allah. Shari'ar da aka yi tun bara, kai da Inna kun fasa ji ne? Yanzu ma rabin shirin bege ne da waƙar gargaɗi. Kuma wa na gani da idona yana kaɗa ƙafa in an sa mai kukuma?"

"Sauro nake kora."

"Sauron da ke bin kiɗa daidai?"

Ya daɗe yana kallon ruwan da ke zuba daga indararo, sannan ya nuna ɗaki da haɓa.

"Abin can, shekara ashirin ina ciyar da shi. Bai taɓa sanin akwai 'yar Miga a gidan nan ba." Haka yake kiran Inna, don daga Miga aka auro masa ita. "Sai ranar da ya tashi gaya wa duniya ta mutu, ranar ya iya sunanta, har da na ubanta. Me kuma ya rage da zai gaya min?"

Lauratu ta sunkuyar da kai. Maganar ta zo mata har baki, ta haɗiye. A masallacin unguwa aka kira la'asar. Malam ya yi alwala a bakin ƙofa, ya yi salla a ɗaki saboda santsi, ita ma ta shiga ɗakin Inna ta yi tata. Komai na nan yadda mai shi ta bari, har taburmar da take zama a kai ranar Asabar. Da ta fito ta san lokaci ya matso. Ta share idonta, ta sake ɗaura ɗamara.

"Ɗazu na ji ka ce kana ciyar da rediyo. Malam, yaushe rabonka da sayen batir?"

"Ina ruwanki?"

"Duk Aujara an san ka. Mutane na shanya kuɓewa, kai kana shanya batir a faifai. An ce rana ta kai ƙararka wurin dagaci, ta ce aikin ya yi mata yawa."

"Da tsohuwar zuma ake magani."

"Zuma aka ce, ba a ce batir mai tsatsa ba."

"Baturana sun fi waɗannan naki. Na yanzu kwalliya ce kawai, kamar ku 'yan zamani. Nawa in suka sha rana yini guda, har Makka suke kamowa."

"Ko Jahun ba sa kaiwa. A hanya suke kwana."

"Har Makka na ce."

"To, sai an gwada akan san na ƙwarai. Kunna mu ji. In suka kai ƙarshen shirin nan, na yarda, ni zan riƙa zuwa duk mako ina shanya maka su. In suka mutu a hanya, ka sake ni a gaban shaidu."

"Shaidun wa? Zabi?"

"Sun isa. Sun fi ka ido."

Ya sake duban ƙusa. Sannan ya dafa bango ya miƙe, ya shiga ɗaki. Ta ji yana lalube a ƙarƙashin gado. Ya fito da rediyon a hannu ɗaya, faifai a ɗaya hannun, tsofaffin batura huɗu a kai, duk sun lotsa saboda bugu da cizo.

"Ita ta shanya su," ya ce, kamar ba da Lauratu yake ba. "Alhamis ta shanya, Juma'a ta kwanta. Ni na kwashe su da yamma."

Nan Lauratu ta gane ta haƙa ramin da ita za ta faɗa. So ta yi ta zuga shi ya sauko da rediyon, ba ta yi lissafin kwana hamsin da baturan nan suka yi a ƙarƙashin gado cikin danshi ba.

"Malam, bari dai a sa sababbin. Waɗannan a ajiye su."

"A'a. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Kin ce a gwada, a gwada."

"Wasa nake yi."

"Ni kuma na ɗauka."

Ya warware ɗankwalin a hankali, ya ninke shi gida huɗu, ya ɗora a gwiwa. Ya ɗauki baturan bibbiyu ya gwara kawunansu, ya hura musu iska, ya jera su a ciki. Ya ja eriya, ya murɗa. Rediyon ya yi tari, ya yi shuu, sannan murya ta fito can ƙasa kamar ana magana a cikin tulu.

"Ga Makka nan," in ji Lauratu.

"Makka da nisa. Dole murya ta gaji a hanya."

Mai gabatarwa ya yi sallama, ya gai da masu saurare, ya ce yau katunan Jahun da kewaye ne a gabansa. Ya fara da wani tela mai gai da abokan sana'arsa. Sai wata mai gai da ƙanwarta da ta haihu a Gumel. Sai aka sa bege da mandiri. Malam ya ɗora rediyon a cinya, ya sunkuya a kansa. Lauratu kuwa ba gaisuwar take ji ba, muryar take aunawa. Duk kati ɗaya sai ta ƙara yin ƙasa.

"Ya fara shaƙewa fa."

"Numfashi yake."

"Irin naka in ka hau jaki."

"Hadari ne. A irin wannan rana ko jirgin sama ba ya tashi."

"Malam, ba na jin komai."

"Kunnen ne ya toshe da surutu. Ni ina ji sarai. Ga wani can yana gai da surukinsa, ko kunya babu."

Ya ɗaga rediyon ya manna a kunne, ya juya eriya gabas, ya juya yamma. Lauratu ta matso har kanta na taɓa kafaɗarsa. Can ƙasa, kamar kukan sauro, ta tsinci mai gabatarwa yana cewa saura katuna kaɗan lokaci ya cika, bayan wannan waƙa za su leƙa Aujara. Waƙar ta fara, ta ja, ta ja, ta nutse. Malam ya bubbuga bayan rediyon da tafin hannu. Shiru.

"Bari in cire su in gwara. Yanzu za su farfaɗo."

"Kaka."

Ya tsaya. Rabonta da kiransa haka tun tana goye.

"Don Allah sa sababbin. Inna ta aika kati."

"Wace Innar?"

"Inna Dubu. Kafin ta kwanta. Ni na rubuta mata. Kai ta gaisar. Yanzun nan za a karanta, kuma ba a maimaitawa."

Ya dube ta. Ta zaci zai tashi ya shige ɗaki, har ta kai hannu za ta riƙe gefen bargonsa. Sai ya kifa rediyon, ya zazzage tsofaffin baturan a kan buzu. Ya ɗauki sababbin, leda ta ƙi yaguwa a hannunsa, ya kai baki ya yage ta da haƙoran nan biyar. Ya jera uku daidai, na huɗun ya sa shi a juye. Lauratu ta zare ta gyara, ta danna murfi.

Rediyon ya fashe da ƙara, har zabi suka watse daga gindin rumbu. Duk zamansa a gidan nan bai taɓa magana da ƙarfi haka ba. Ƙarshen waƙar ne. Sai muryar mai gabatarwa, tangaran kamar yana tsakar gida.

"Sai kati na gaba, daga Halimatu Sa'adiya, Inna Dubu, a garin Aujara. Tana gai da 'ya'yanta na Dutse da na Kano, da jikokinta kaf, da 'yan uwanta na Miga. Sannan gaisuwa ta musamman ga maigidanta Malam Yahuza. Ta ce shekara arba'in da bakwai suna tare, bai taɓa kwana da fushinta ba, Allah ya saka masa." Ya ɗan tsaya, aka ji dariya ta kama shi. "Akwai ƙari a ƙasa. Ta ce a gaya masa, in har ya ji wannan gaisuwa da kunnensa, to ba da batirinsa ya ji ba. Malam Yahuza, saƙo ya iso. Inna Dubu, mun gode, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, Allah ya bar ku tare."

Aka sa mai kukuma.

Ruwa na ta zuba daga indararo. Lauratu ta kasa ɗaga ido, tana jin tsoron abin da ta jawo. Can sai ta ji buzu na motsi. Kafaɗun Malam ne ke rawa. Dariya yake, marar sauti, irin ta tsofaffi, har ta kai shi ga tari. Bai daina ba sai da ya ɗauki ɗankwalin nan daga gwiwarsa ya rufe fuska da shi. Daga nan ba dariya ba ce. Ita ma ta ja mayafi ta rufe tata. Suka bar mai kukuma ya yi ta yi har ya gama.

Da ya sauke ɗankwalin, idonsa ya yi ja, amma muryarsa ta dawo.

"Da me ta sayi katin?"

"Da ƙwan zabi."

"Ƙwan zabi." Ya girgiza kai. "Ta ce min maciji ne ya shanye su. Kwana biyu ina zaga rumbu da sanda."

"Ta gaya min. Ta ce har ka ce ka ga sawunsa."

"Na gani mana."

"Sawun maciji, Malam?"

"Ke rufe min baki." Ya goge hanci da gefen bargo. "To. Kun ci. Ke da ita kun haɗa min kai, kun ci. Ba su kai Makka ba."

"Ko Jahun ba su kai ba."

"Na ce kun ci, kar ki bi ni da tsinke."

"Saura sakin nawa. Ga shaidu can sun dawo."

"Ban saki ba. Ɗaya ta tafi ba a yi shawara da ni ba, ba zan sallami ta biyu da hannuna ba. Kuma wa zai kwashe ki da wannan ƙafar?"

Ya tattara tsofaffin baturan ɗaya bayan ɗaya, ya mayar kan faifai.

"Kawo in zubar maka," in ji ta.

"Bar min su. Waɗannan ba na rediyo ba ne yanzu."

Ya nuna gindin rumbu. "Kin ga manyan zabin can biyu? Nata ne. In za ki tafi ki kama su. Ɗaya ki sayar, ki je wurin Ɗanmusa ki saya min kati."

"Kai da ka ce mahaukaci ne ke sayen gaisuwa?"

"Na faɗa, ban kuma janye ba. Ki rubuta, Malam Yahuza na Aujara ya ji saƙo. A gaya wa yaron nan mai karantawa ta riga mu gidan gaskiya, bai yi laifi ba, bai sani ba ne. Ya roƙa mata gafara wurin duk wanda ke saurare. Ki ƙara da cewa maganar batir gaskiya ta faɗa."

"Ɗayar zabuwar fa?"

"Sadakinki ne. Kar ki je Jahun ki ce ban biya ba."

"Zabuwa ɗaya? Ashe haka na yi araha."

"Da canji ma ya kamata ki ba ni." Ya gyara zaman rediyon a cinyarsa, ya rage murya kaɗan don an fara labarun yamma. "Wai ni, akwai tuwo a gidan nan, ko amaryar ta ado ce?"

Lauratu ta tashi ta nufi murhu. Itacen ya jiƙe, ta daɗe tana hurawa, hayaƙi na shiga mata ido, ta kuwa gode wa hayaƙin.

An karanta katin Malam bayan an yi girbi, ya ji shi da kunnensa, da batirin da ya saya da kansa. Ya ƙara shekara uku a duniya, bai fasa zaɓi-sonka ko Asabar ɗaya ba. Ɗanmusa ya daɗe da barin sayar da kati, yanzu waya ake bugawa a gaisa. Rediyon yana Jahun, a ɗakin Lauratu, a kan kabad, naɗe da ɗankwalin Inna. Ya daina kamawa.